Awa 46 a Tsaye: Abin da Na Gano a State College

Ba don raɗin kaina na yi wannan tafiya ba, aike na aka yi. Na je wa Yaya ziyara a unguwar Bronx ta birnin New York a watan Fabrairun 2025, saura kamar mako guda a kama azumi, sai na tarar ana 'yar tsama a gidan. 'Yarsa ta fari, wadda ke karatun aikin jinya a Jami'ar Penn State da ke garin State College, ta bugo waya ta ce ba za a gan ta ba a ƙarshen mako, suna da taro a makaranta wanda ake kwana biyu ba barci. Da ya matsa mata da tambaya, ta ce rawa ce ɗalibai suke yi don tara wa yara masu ciwon daji kuɗi. Daga nan Yaya bai ƙara sauraron komai ba. Shi tuƙin tasi ba ya barin sa ya motsa, don haka ya juyo kaina.

"Malam, kai da kake zaune ba aikin fari bare na baƙi, je ka gano mini abin da yarinyar nan take ciki."

Ya damƙa mini kuɗin mota, matarsa ta ƙulle mini dambun nama da cincin a leda. Ranar Juma'a bayan asuba na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa babbar tashar mota ta Port Authority, na yanki tikiti a kan dala hamsin da 'yan kai.

Daga fitowa tashar, mota ta nutsa cikin ramin Lincoln da ke bi ta ƙarƙashin kogin Hudson, muka ɓullo a jihar New Jersey, sannan muka kama babban titin I-80 muka miƙa yamma. Nisan tafiyar ya ɗan gaza na Kano zuwa Abuja. Abin da idona ya yi ta nema a hanya, saboda sabo, shi ne shinge. Babu. Ba gangar da aka gitta, ba mai ɗaga hannu, ba mai cewa direba ya sauko ya buɗe but. Wuri ɗaya ne ake biyan kuɗin hanya, a gadar kogin Delaware inda ake shiga jihar Pennsylvania, shi ma direban bai miƙa wa kowa komai ba, wata na'ura ce a jikin gilashi take biya. Daga nan sai duwatsun Pocono, itatuwa duk sun kaɗe ganye, dusar ƙanƙara ta rufe gefen titi. Can gaba na hango keken doki baƙi a wata 'yar hanyar ƙauye, na kusa da ni ya ce mutanen Amish ne, manoman da har yau ba sa tuƙa mota. Rabin fasinjojin samari da 'yan mata ne masu riguna shuɗaye, tsofaffin ɗaliban jami'ar, kuma duk inda zan je can suka nufa. Cikin awa biyar muka isa.

State College gari ne da jami'a ta haifa. Makarantar ta faro ne a 1855 a matsayin makarantar koyon noma, yanzu kuma ɗaliban da ke wannan harabar sun doshi dubu hamsin, har sun fi 'yan garin yawa. Kwari ne a gindin dutsen Nittany, kewaye da gonaki da shanu. Sanyin da ya tarbe ni a bakin mota ya sa na ji haƙorana suna haɗuwa. Tana tsaye tana jira na, hijabinta a ciki, rigar ɗorawa mai ruwan ƙwai a sama.

"Baffa, sannu da hanya. Abba ne ya turo ka leƙen asiri ko?"

Na ce zumunci na zo. Ta yi dariya ta karɓi jakata.

Masauki ne ya so ya zama matsala. A wannan ƙarshen makon duk otal-otal ɗin garin a cike suke, ɗayan da muka samu ɗaki ya ce sai dala ɗari uku da wani abu kwana guda. Na buga lissafi da naira, na ce a kai kasuwa. Ashe ta riga ta yi magana da wani ɗalibi ɗan Ilori mai digiri na uku a fannin noma, shi ya ba ni doguwar kujerar falonsa da bargo biyu, kuma ya rantse ba zai karɓi ko sisi ba. Shi ne ya kai ni cibiyar ibada ta Pasquerilla da ke cikin makarantar, ginin da Musulmi da Kirista da Yahudawa da sauransu kowa yake da wurin ibadarsa, na yi sallolina na matafiyi.

Da yamma muka bi ayarin mutane zuwa Bryce Jordan Center, zauren da suke wasan ƙwallon kwando, mai cin mutum dubu goma sha biyar. Shiga kyauta ne. A nan na ci karo da shingen da ban gani a hanya ba: an leƙa jakata, na bi ta ƙofar nan mai kuka idan ta ji ƙarfe. Ciki kuwa, kunne ba ya jin na kusa. Kowace ƙungiyar ɗalibai ta kama ɓangarenta a benen 'yan kallo, da kalar rigarta, da manyan haruffa masu fitila da suke ɗagawa. A ƙasa, tsakiyar fili, ɗalibai sama da 700 suna zaune dirshan. Aka shiga ƙirga daƙiƙoƙi da ƙarfi, ƙarfe shida daidai suka miƙe gaba ɗaya. Ba za su sake zama ba, ba kuma za su runtsa ba, sai ƙarfe huɗu na yammacin Lahadi. Awa 46 ke nan. Sunan taron THON.

Na samu kujera na zauna don in kalli abin a tsanake. Ban yi minti biyu ba wata yarinya mai jar riga ta zo, cikin ladabi, ta ce a yi haƙuri, a nan ba a zama. Na duba hagu da dama: kujeru dubbai, kowa a tsaye a gaban tasa. Dalilinsu shi ne bai kamata na ƙasa ya ɗaga kai ya ga wani a zaune ba. Wanda ya gaji sai ya fita.

Rawar ita kanta ba ta da yawa. Kusan duk bayan awa guda ana yin wata ta bai-ɗaya ta 'yan mintoci, wadda galibinta miƙa ce da lanƙwasa gaɓoɓi don jini ya zaga. Sauran lokacin tsayuwa ce, da zagaye, da wasanni, da makaɗa masu hawa dandamali suna sauka. Aikin 'yar Yaya, da duk masu riga irin tata, shi ne kula da masu tsayuwar. An haɗa ta da wata ɗaliba 'yar Pittsburgh mai karatun injiniya, ita za ta tabbatar ta ci, ta sha, ta canza safa, ta kuma lallashe ta idan kuka ya zo. Su masu kula ana yi musu canji su je su ɗan kwanta. Masu tsayuwa kuwa ko kofi ba a ba su, sun daina sha tun makonni kafin ranar. Agogo ma ɓoye musu ake yi.

"Baffa, in ka sauko fili, ko da wasa kada ka faɗi ƙarfe nawa," in ji ta. "Wanda ya san saura awa talatin, ƙafarsa a take za ta mutu."

Tarihin abin a bakin ɗan Ilori na fara ji, muna cin shinkafa da kaza a wani shagon halal a kan titin College Avenue, faranti dala goma sha uku. An fara a 1973, a matsayin gasar rawa ta awa 30, kuma abin da aka tara bai wuce dala dubu biyu da kaɗan ba. A 1977 aka ɗaura taron da wani asusu mai suna Four Diamonds, na asibitin yara da ke garin Hershey, garin nan na cakulan. Wasu ma'aurata ne, Charles da Irma Millard, suka kafa asusun a 1972 bayan ciwon daji ya kashe ɗansu Christopher yana da shekara 14. Kafin ya rasu yaron ya rubuta labarin wani barde da ya fita neman lu'ulu'u huɗu, wato jarumta da hikima da gaskiya da ƙarfi, kuma daga nan sunan ya samo asali. Shi ya sa za ka ga dubban mutane sun ɗaga hannu sama sun haɗa yatsu sun yi siffar lu'ulu'u. Tun daga 1977 ba su sauya asusu ba, ba su sauya asibiti ba, kuma jimillar abin da suka zuba ta haura dala miliyan 250.

Kuɗin ba a cikin zauren ake tara su ba. Aikin shekara guda ne na ɗalibai sama da dubu goma sha shida: wasiƙu zuwa ga dangi da abokan iyaye, roƙo ta intanet, sayar da kayan ƙwalam, neman tallafin kamfanoni. A da har kan tituna suke tsayawa da gwangwani a garuruwa masu nisa, sai aka daina bayan haɗurran mota sun ci ran ɗalibai a irin wannan tafiya. Tsayuwar ma ba kowa ake ba wa ba. Gwargwadon abin da ƙungiya ta tara, gwargwadon guraben da za ta samu, har rububin shiga wahalar ake yi.

Wunin Asabar na yi shi a yawo. Na ga filin ƙwallonsu na Beaver mai cin mutum sama da dubu ɗari, na kuma bi layi a wannan uban sanyi na sayi askirim a shagon madarar makarantar, saboda an ce wanda bai sha ba bai zo garin ba. Da daɗi, amma da na san haka da shayi na nema.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan labari ya faru ne a daren Asabar, wajen ƙarfe ukun dare. Yarinyar nan 'yar Pittsburgh ta sa sunana cikin baƙinta, bayan doguwar jira aka ba ni izinin sauka fili na ɗan lokaci. Daga sama abin biki ne. Daga ƙasa kuwa wani abu ne daban. Warin gumi da hodar jarirai ne ya fara dukan hancina. Ƙafafu sun kumbura har takalma sun ƙi shiga. Wasu sun tsoma ƙafa a bokitin ƙanƙara suna cije leɓe, wasu suna murza tafin ƙafa a kan ƙwallon tanis, wasu abokai sun goya su, tunda goyo ba zama ba ne. Na ga wani ƙaton saurayi ya kifa goshi a kafaɗar mahaifiyarsa yana kuka ba sauti. Ita 'yar Pittsburgh ta gaishe ni sau biyu a cikin minti biyar, ta manta ta riga ta yi. 'Yar Yaya na durƙushe tana ɗaure mata idon sawu da bandeji, tana yi mata hirar banza don kada ta yi shiru.

Ina cikin kallon wannan sai na ji ruwa a wuya. Na waiga, wani yaro ne da bai fi shekara shida ba, kansa ba gashi ko ɗaya, riƙe da bindigar ruwa, yana ƙyalƙyala dariya. Yaran da ake yi dominsu suna cikin filin, su da iyayensu da ƙannensu. Ƙungiyoyi da yawa ana haɗa su da iyalan yaran, suna ziyartar juna duk shekara, don haka yaran sun san ɗaliban da sunayensu. Mahaifin yaron ya zo yana ba ni haƙuri, muka tsaya hira. Makaniki ne daga wani ƙaramin gari. Ɗan nasa sankarar jini ce ta kama shi. Na yi masa tambayar da duk wanda ya fito daga inda na fito zai yi: nawa ka kashe? Ya ce bai taɓa ganin takardar biyan kuɗi ba. Abin da inshora ba ta biya ba, asusun ne yake biya.

Na rasa abin cewa. A layinmu akwai wani bawan Allah, tela, da muƙamuƙin ɗansa ya kumbura. An fara da cewa haƙori ne, aka koma iska, aka koma jifa. An yi rubutu, an yi turare, an je ƙauye. Lokacin da aka kai shi asibiti aka ce daji ne, an makara, kuma duk da haka sai da keken ɗinki ya tafi, gonar gado ta bi baya. Mun yi karo-karo a masallaci, wani ya sa hoton yaron a Facebook da lambar asusu, aka samu abin da aka samu. Kowane zagaye na maganin sai an sake fita roƙo, wanda aka rasa kuɗinsa kuma a tsallake shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki sama da kashi 80 cikin ɗari na yara masu ciwon daji suna warkewa, a yawancin ƙasashe irin namu kuwa ba a kai kashi 30. Na daɗe da sanin wannan lissafi a takarda. A daren nan ne na ga kashi tamanin ɗin da idona, yana gudu yana jiƙa wa mutane riga.

Wani abin kuma, ba wanda yake ɓoye ciwon. Uwa za ta hau dandamali ta faɗi sunan cutar ɗanta, da ranar da aka gano, da irin maganin da aka yi. Mu kuwa ko sunan ba ma son kamawa, sai a ce "ciwon nan", a rufe mara lafiya a ɗaki kada maƙiya su ji.

Da na koma masauki na tarar ɗan Ilori bai yi barci ba, kuma shi abin bai burge shi kamar ni ba. Ya ce in tambayi kaina, ƙasar da ta fi kowace kuɗi a duniya, me ya sa sai ɗalibai sun kumbura ƙafa kafin makaniki ya tsira daga bashin asibiti? Ya ce a Ingila gwamnati ce take ɗaukar wannan nauyi. Ya ƙara da cewa akwai gasa da son a sani a ciki, ƙungiyoyi suna rige-rigen a kira sunansu a sahun farko, wasu kuma don takardar neman aiki suke yi. Ban musa masa ba, don na ga alamar hakan. Sai dai na ce masa ni na halarci ƙaddamarwa iri-iri a gida, inda babban mai ƙaddamarwa zai karɓi lasifika ya yi alkawarin miliyoyi, maroƙa su wasa shi, a watse, wata shida ana bin sa ba a ga ko kwabo ba. Idan son a sani zai sa kuɗin su isa asibiti, ban ga abin faɗa da shi ba.

Kuma ba tausayi muka rasa ba. Ni malami ne, na san ɗalibanmu. Suna zuwa asibiti dubiya, suna ba da jini, suna tara wa marayu kayan sallah, mu ne kuma masu gayya tun kaka da kakanni. Abin da ban taɓa gani a wurinmu ba shi ne aiki ɗaya da za a riƙe shekara hamsin, shugabannin bana su miƙa wa na baɗi littafin lissafi cikakke, ba tare da sabon shugaba ya canza suna ya fara nasa ba.

Game da abin da aka aiko ni dubawa, ga gaskiyar magana. Akwai kiɗa mai ƙarfi, akwai cuɗanyar maza da mata, akwai shigar da ba za ta yi wa Yaya daɗin gani ba. Ban ga giya a cikin zauren ba, ban ga mai maye ba. Yarinyarmu kuma na ga lokacin da ta miƙa aikinta ga wata ta fita yin sallar asuba.

Ranar Lahadi tun da hantsi zauren ya cika maƙil, aka tsayar da shiga, mutane suka yi layi a waje cikin sanyi. Allah ya taimake ni na shiga da wuri. A cikin awa huɗun ƙarshe akwai lokacin da suka ware wa iyalai. Kiɗa ya tsaya. Iyaye suka yi jawabi, har da waɗanda nasu yaran ba su rayu ba. Sannan aka shiga nuna hotunan yaran da suka rasu a babban allo, ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa. Abin ya ɗauki lokaci mai tsawo. Dubban mutanen nan suka dafa kafaɗun juna, ba ka jin komai sai jan hanci. Na sami kaina ina cewa Allah ya ba iyayensu haƙuri, ɗan telan layinmu kuma Allah ya sa mai ceto ne.

Ƙarfe huɗu na cika aka ce su zauna. Wasu zubewa suka yi. Jim kaɗan shugabannin ɗaliban suka jeru a dandamali, kowa da allo a hannu, suka riƙa ɗagawa ɗaya bayan ɗaya tun daga ƙananan lambobi: dala 17,737,040.93. Har da santi casa'in da ukun sai da aka faɗa. A canjin lokacin, kusan naira 1,500 kowace dala, kuɗin sun haura naira biliyan 26, kuma sun zarce na 2024 da aka tara miliyan 16.9. Ihun da aka yi sai da na ji benen yana rawa a ƙarƙashin ƙafata.

'Yar Yaya ban samu ganinta sosai ba, ta raka 'yar Pittsburgh ɗin gida, washegari kuma tana da darasi. Ta dai ce in gaishe da Abba da Umma, in kuma faɗi abin da na gani ba ragi ba ƙari. Na bar mata sauran dambun naman.

Litinin da safe na kamo motar New York, ƙafafuna a kumbure duk da cewa ni na kwanta dare biyun. Kusa da ni wata mata ce mai kimanin shekara hamsin daga New Jersey, ta zo kallon ɗanta da ya yi tsayuwar bana. Na ce lallai ta haifi namiji, awa 46 ba wasa ba. Ta taɓe baki. Ta ce ita ma ta yi lokacin tana ɗaliba, a wani ƙaramin ɗakin wasanni mai zafi da ake kira White Building, kuma a zamaninsu awa 48 ake yi, sai a 2007 da aka koma sabon zauren aka rage biyu.

"Yaran yanzu," in ji ta, "an sauƙaƙa musu komai."